Kwamfutocin wasa da zafin Birnin Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka. Mu masu gyaran kwamfuta ne a Birnin Kebbi, kuma maganarmu a kan manyan kwamfutocin cinya ce, irin waɗanda aka ƙera domin wasanni: su ASUS ROG da TUF, da Lenovo Legion, da HP Omen da Victus, da Acer Nitro, da MSI. Yanzu sun cika hannun matasa daga nan har Argungu da Jega da Aliero. Wani don ƙwallon eFootball da GTA ya saya, wani ɗalibi ne mai zanen gini da AutoCAD, wani kuma da ita yake haɗa bidiyon biki yana ci da kansa. Hunturu ya kusa naɗe tabarmarsa, bazara na bakin ƙofa, kuma a wannan tsakanin ne kukan yake tashi: ta yi nauyi, fanka na ihu, wasa na tsinkewa, tana mutuwa da kanta. Yawancin masu ita suna ɗauka an cuce su ne a wurin saye. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, lissafin zafin ne ba a yi ba.

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Furosesa, wato guntun da ke yin lissafin kwamfuta, ta Intel mai harafin H a ƙarshen lambarta an tsara ta a kan wat 45, mai HX kuma wat 55, amma idan ta zabura, irin su Core i9-14900HX kan kai wat 157 na ɗan lokaci. Girafik kuwa, wato guntun da ke zana hoto, RTX 4060 ta kwamfutar cinya tana iya cin wat 115, a ƙara mata 25 idan furosesa ba ta buƙata. RTX 4090 ta cinya tana kaiwa 175. A haɗa da sikirin da sauran kayan ciki, sai ka tarar da zafin ƙwan lantarki biyu irin na da, masu wat ɗari-ɗari, a cikin akwatin da kaurinsa bai wuce na littafi ba. Kuma mafi yawan zafin nan daga wurare biyu yake fitowa, kowanne bai fi farcen babban yatsa girma ba.

Hanyar fitar da shi guda ce. A kan kowane guntu akwai farantin jan ƙarfe da aka ɗaure da sukuru, tsakaninsu akwai ɗan mai mai kauri da masu gyara ke ce wa fes. Daga farantin sai bututan jan ƙarfe masu faɗi su miƙe zuwa gefe. Bututan nan ba ƙarfe ne zalla ba. A rufe suke, an zuƙe iskar cikinsu, an bar ɗan ruwa kaɗan. Inda ke da zafi ruwan ya zama tururi, tururin ya gudu zuwa ɗaya bakin, ya huce ya koma ruwa, sannan ya dawo ta jikin bangon bututun kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A can ɗaya bakin akwai siraran haƙoran ƙarfe a jere, ƙaramin lagireto ke nan, fanka ta zuƙo iska daga ƙasan kwamfutar ta hura ta tsakaninsu ta fita baya ko gefe. Wasu masu tsada suna da faffaɗan faranti mai tururi a ciki maimakon bututu da yawa, amma dabarar ɗaya ce.

To ga inda matsalarmu take. Wannan tsari ba ya ƙirƙirar sanyi kamar firji. Abin da yake iya yi kawai shi ne ya riƙe guntun a wata tazara sama da zafin iskar da fanka ta zuƙo. Mai gwajin da kake kallo a YouTube yana zaune ne a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka. Idan ya nuna maka furosesa tana digiri 85, tazarar 63 ce. Ka ɗauko wannan kwamfutar, da wannan wasan, ka ajiye a ɗakin kwano marar silin a Birnin Kebbi da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, iska tana 40. Tazarar tana nan yadda take, 63 a kan 40 ya zama 103. Ba za ta bari ta kai can ba, za ta rage gudu. Ba a yi maka ƙarya a bidiyon ba, ɗakinsa ne ba ɗakinka ba. Kuma masu ƙera su ba su ɓoye ba: a littafin da ke zuwa da yawancinsu an rubuta cewa iyakar zafin wurin da za a yi aiki da su digiri 35 ne. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana takan wuce 40, lokacin da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke ta fitar da gargaɗin zafi.

Iyakokin da aka sa musu su ne: yawancin furosesocin Intel na cinya digiri 100, na AMD Ryzen tsakanin 95 da 105 gwargwadon samfuri, girafik ta Nvidia kuma takan fara ja da baya a wajen 87. Da an taɓo iyaka sai guntun ya rage saurinsa da kansa. Shi ne abin da mai wasa ke gani: minti goma na farko komai sumul, daga nan hoto ya fara cijewa. Wannan kariya ce, ba lalacewa ba, kuma ganin 90 a furosesa lokacin wasa ba abin tashin hankali ba ne a irin waɗannan na'urori. Abin da ya fi shan wahala shi ne na kewaye: batir, da boris ɗin fanka, da ma'ajiyar SSD, wadda yawanci aka tsara ta yi aiki ƙasa da digiri 70.

Kafin a kwance ko sukuru ɗaya, a auna. Hannu ba ma'auni ba ne, domin wata jikinta na ƙarfe ne tana ƙuna a waje alhali ciki lafiya, wata kuma roba ce, waje da sanyi ciki na dahuwa. A sauke manhajar HWiNFO64, kyauta ce, a buɗe sashen na'urorin auna zafi, a sa caja, a yi wasa ko a kunna gwajin Cinebench na minti goma, sannan a duba mafi girman zafin da aka kai, da wat nawa guntun ke ci, da layin da ke nuna ko ya rage gudu saboda zafi. Yadda zafin ya hau shi ke faɗin ciwon. Idan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya yi tsalle zuwa 95, kuma iskar da ke fita baya ba ta da zafi sosai, zafin ba ya isa bututu: fes ya bushe, ko faranti bai zauna daidai ba, ko bututun ya mutu. Idan a hankali yake hawa, fanka na kuka amma ka sa hannu a baya iskar ba ƙarfi, ƙura ce ta toshe. Idan bambancin zafi tsakanin sassan furosesa ɗaya ya wuce digiri 15 a aiki iri ɗaya, ɗaurin farantin ya karkace ko fes ya gudu gefe guda. Haka a girafik, wurin da ya fi zafi kan ɗara matsakaicin da digiri 10 zuwa 15, in ya kai 25 fes ne. Idan kuwa gudu ya faɗi alhali zafi yana 70, a bar zancen zafi, a duba caja. Akwai kuma wadda fankarta ba ta hutawa ko ba a komai: a buɗe Task Manager a ga abin da ke cin furosesa, domin wasannin da aka fasa ake rabawa a filashi sukan zo da manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, tana yi wa wani aiki da wutarka.

Ƙura ita ce babba a nan. Wata huɗu na hunturu fanka na zuƙar hazo, ga zaren bargo da na darduma. Inda take taruwa ba a ganinsa daga waje. Tsakanin bakin fanka da haƙoran lagireto take yin kafet, launin toka, mai kauri kamar audugar tsohuwar katifa, har ana iya kama gefenta da hantsaki a ɗago ta gaba ɗaya ba ta yage ba. Shi ya sa hura iska daga waje ba ya magani, sai ma ya tura ta cikin fanka ta dunƙule ta tsayar da ita.

Ga yadda ake yi. A kashe ta gaba ɗaya, a cire caja. A kwance sukurorin ƙasa da sukundireba mai kan gicciye ƙarami, a jera su a kan takarda yadda aka ciro su, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda bod, wato babban allon da aka dasa kayan ciki a kansa, ko ya ɓullo ta saman. A ɓalle murfin da abin roba, ko tsohon katin ATM, ba da wuƙa ba. Abu na farko bayan buɗewa shi ne zare fulogin batir daga bod, sannan a danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 15 wutar da ta rage ta fita. Sukuru ɗaya da ya faɗa kan bod mai wuta ya isa ya ƙone ta. A lokacin hunturu kuma a kula da tartsatsin nan da ke tashi idan mutum ya cire riga, shi ma yana kashe guntu, don haka a taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin a sa hannu, kuma kada a yi aikin a kan kafet. A yawancin samfura fanka tana fita ita kaɗai da sukuru biyu ko uku ba tare da an taɓa bututu ba. A zare wayarta ta kan fulogin, ba ta jan waya ba. A ɗage kafet ɗin ƙura, a share haƙoran da buroshi mai laushi, a hura daga waje zuwa ciki tunda yanzu fankar ba ta nan, a ɗaga a duba ko haske na ratsawa. Fikafikan fanka a bi su ɗaya bayan ɗaya da buroshi.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Na farko kai ta wurin mai faci ya hura da injinsa. Iskar tankin nan tana da ruwa da mai, ƙarfinta kuma ya fi ƙarfin fankar, tana iya karya fiffike ko ta juya ta fiye da kima har boris ya lalace. Ko da ƙaramar bulowa ake aiki, a dafe fankar da yatsa kada ta juya. Na biyu zuba man inji a fanka mai ƙara. Man yana kama ƙura ya zama kwaɓa. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan sandar tsakiya yana iya sayen 'yan watanni ga fankar da ake iya zare kanta, amma fankar da ta fara gurnani tana girgiza ta gama aiki, a karanta lambar da ke kan takardar bayanta a nemo irinta, domin ta dama da ta hagu ba ɗaya ba ce, akwai mai bolt 5 akwai mai 12. Shawararmu a yi wannan sharar sau biyu a shekara, kuma wadda ba a ɗagawa ita ce ta ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya kwanta kafin zafi ya kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai fes. Aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin guntu da faranti, domin iskar da ta maƙale a cikinsu ba ta barin zafi ya ratsa sosai. A kwamfutar cinya guntun tsirara yake, babu murfin ƙarfe a kansa kamar na kwamfutar tebur, kuma kullum yana zafi yana hucewa, ƙarfen na buɗewa yana tsukewa. Wannan motsin yana tura fes waje a hankali har tsakiya ta zama babu komai. Idan aka ɗaga farantin 'yar gwanjo mai shekara uku ko huɗu, abin da ake tararwa ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a tsakiyar rani, ya taru a gefe, tsakiyar guntun tana ƙyalli.

Wanda zai canza, ya lura da lambobin da aka buga kusa da sukurorin farantin, 1, 2, 3 har zuwa 6 ko 8. A kwance daga babbar lamba zuwa ƙarama, rabin juyi a kowane zagaye, a ɗaure kuma daga 1 zuwa sama haka nan sannu-sannu. Wanda ya ɗaure gefe guda tamau kafin ɗayan yana iya fasa kusurwar guntun, shi kuwa ba a gyara shi. A ɗaga farantin a miƙe, a riƙe shi ta tsakiya, kada a ja ta bakin bututu. Bututun da ya lanƙwashe ko ya huje ya tashi daga aiki, babu walda ko faci da ke dawo da shi, sai sabo. A goge tsohon fes da sifirit na isopropyl mai kashi 90 cikin 100 ko sama, da ƙyalle marar zare. Ban da fetur, ban da tina, ban da kankarewa da reza. Sabon fes a shimfiɗa shi siriri ya rufe guntun duka daga kusurwa zuwa kusurwa, domin duk inda bai samu ba nan ne zai ƙuna. Farin fes ɗin nan na babban sirinji mai araha, wanda ake sa wa amfilifaya, ba ya jure wannan aikin, 'yan makonni ya gudu. Man goge haƙori kuwa, da wasu ke faɗa a bidiyo, ruwa ne a cikinsa, ba ya daɗewa yake bushewa. A nemi mai kauri irin Arctic MX-6 ko Noctua NT-H2. Abin da ya fi su daɗewa a kan tsiraran guntu shi ne PTM7950 na Honeywell, wanda ke zuwa kamar siririyar leda mai kaurin kusan milimita 0.25, yana narkewa a wajen digiri 45 ya cike ramuka, in ya huce ya sake daskarewa, shi ya sa ba ya gudu. A garin nan sai an sa shi a firji na 'yan mintuna kafin a yanka, in ba haka ba a watan Afrilu tun a hannu yake fara laushi ya manne wa ledarsa. Jabunsa ya yi yawa a intanet, a kula da inda ake saye.

A kewayen girafik akwai guntayen ma'ajiya da na rarraba wuta, su kuma 'yan filafilan roba masu laushi ne a kansu, ko wani abu kamar ƙullu. Kaurinsu ya bambanta, milimita 0.5, ko 1, ko 1.5. In ba su yage ba a bar su inda suke. Nan ne ake maganin ƙaba kai na kumbura: mai gyara ya sa sababbi masu kauri don yana ganin kauri ya fi, su kuma su tokare farantin ya kasa taɓa guntun da kyau, kwamfuta ta dawo ta fi da zafi. In dole ne a canza, a auna tsohon a sa daidai da shi.

Gargaɗi na musamman ga masu ROG da wasu manyan samfura na 'yan shekarun nan: da yawansu narkakken ƙarfe aka sa musu a kan furosesa daga kamfani maimakon fes. Yana sheƙi kamar dalma, sinadarin galiyam ne a cikinsa, yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin alminiyam. Ɗigo ɗaya ya gangaro kan bod, an gama. Wanda bai taɓa aiki da shi ba kada ya ɗaga farantin, ya tsaya a sharar fanka. Kuma ba ma ba kowa shawarar ya sa shi a kwamfutar da ba a ƙera ta da shingen tare shi ba, balle wadda kullum tana goye a baya a kan kabu-kabu.

Amma ko an share an canza fes, digiri 40 na ɗaki yana nan. Abin da ya rage a hannun mai ita shi ne rage wat, kuma nan ne riba ta fi yawa ba tare da kashe ko sisi ba. Dalili kuwa, ƙarshen gudun guntu shi ya fi tsada. Don ya ƙara sauri kaɗan sai an ƙara masa ƙarfin wuta, wato bolt, zafi kuma yana hawa ne ninki a kan ƙarfin wutar. Ka sauko kaɗan daga ƙololuwa, zafi ya zube da yawa, gudun da ka rasa kuwa da ƙyar ido zai gane. Kwamfutar da aka tsayar a matsakaicin gudu ta riƙe shi awa uku ta fi daɗin wasa a kan wadda ke zabura ta ƙone ta durƙusa kowane minti.

Mataki mafi sauƙi shi ne ƙayyade yawan hotunan da girafik ke zanawa a daƙiƙa. In ba a hana ta ba, tana iya zana ɗaruruwa ko a shafin zaɓen ƙungiya ne, sikirin kuma ba ya nuna fiye da iyakarsa. A Nvidia Control Panel akwai Max Frame Rate, a sa 60 ga wasan ƙwallo da na labari, masu wasan harbi su sa daidai da sikirin ɗinsu ko ƙasa kaɗan. Na biyu, a bar yanayin Turbo da rana. Kowane kamfani yana da manhajarsa, Armoury Crate ga ASUS, Vantage ga Lenovo, NitroSense ga Acer, OMEN Gaming Hub ga HP. A Legion danna Fn da Q yana sauya yanayi, a ASUS da yawa Fn da F5. A zaɓi matsakaici, inda kuma manhajar ta yarda a ɗaga gudun fanka da hannu a bar wat ƙasa. Ƙarar fanka ba ciwo ba ce, aikinta take yi. Na uku, a Power Options na Windows, ƙarƙashin Processor power management, a mayar da Maximum processor state daga 100 zuwa 99. A kwamfutoci da yawa wannan yana hana furosesa zabura, zafinta ya sauko sosai, kuma yawancin wasanni girafik suka fi dogara da ita. A wasu sababbi ba ya tasiri, sai a rage iyakar wat daga manhajar kamfani. Mai haɗa bidiyo zai ga aikinsa ya ɗan ƙara tsawo, sai ya bar fitar da babban aiki zuwa bayan isha ko bayan asuba, lokacin da kwano ya huce.

Ga wanda hannunsa ya faɗa, akwai rage ƙarfin wutar guntu. A girafik da manhajar MSI Afterburner ake yi, Ctrl da F yana buɗe jadawalin ƙarfin wuta da gudu, a tsayar da shi a wajen milibolt 850 zuwa 900, a gwada da wasa na rabin awa, in ya fita da kansa a sassauta. A furosesar Intel da manhajar ThrottleStop ne, a fara da rage milibolt 50, a riƙa ƙara goma-goma har sai ta tsaya ta nuna shuɗin sikirin matsala, sannan a koma baya mataki biyu. Sai dai tun bayan raunin tsaro da aka gano a 2019, wanda aka sa wa suna Plundervolt, kamfanoni sun kulle wannan ƙofa a samfura da yawa. In a kulle take a haƙura, kada a je ana taɓa BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, garin neman gira a rasa ido.

Wurin ajiyewa kuma: iska ta ƙasa take shiga, don haka katifa da filo da darduma da cinya mai babbar riga duk toshewa ne. Tebur ko katako mai santsi, a ɗaga bayan da santimita 2 ko 3, ko da murafun gora biyu ne, a bar taƙi guda tsakaninta da bango don kada ta sake zuƙar iskar da ta fitar. Faifan sanyaya mai ƙananan fankoki da fitilu masu launi, yawancin amfaninsa ɗagawar ce, fitilun ado ne. Wanda ke aiki da gaske shi ne mai babbar fanka guda da soso a kewaye da ke manne wa ƙasan kwamfutar ya tilasta iska ta shiga, wasu har da matatar ƙura, sai dai yana da ƙara da tsada. Fankar ɗaki kai take sanyaya wa saboda kana gumi, kwamfuta ba ta gumi, iskar 40 ce dai take samu. Ƙanƙara a leda, da jiƙaƙƙen tawul, da sa ta a firji, duk raɓa suke haifarwa a kan bod, lalacewar kuma sai bayan makonni take bayyana, lokacin an manta dalili.

Caja ma tana cikin lissafi. Waɗannan na'urori suna zuwa da caja mai wat 180, ko 230, har 330. Idan aka sa ƙarama ko jabu, kwamfutar takan rage gudu ko ta riƙa cike giɓin daga batir tana wasa tana zuƙe shi, batirin na zafi. Wasu, kamar Dell, suna gane cajarsu ta siririn tsinken da ke tsakiyar fulogi, in ya karye sai furosesa ta koma tafiyar hawainiya ko da zafi babu. Tubalin cajar kansa a ajiye shi a fili a kan siminti, ba a ƙarƙashin filo ba. Mai amfani da ƙaramin janareta ya bari ya daidaita kafin ya jona, ya kuma zare kafin a kashe. Batir kuwa abu biyu ke tsufar da shi, zafi da zama cike taf, kuma kwamfutar wasa tana haɗa masa duka biyun tunda kullum a jone take. A manhajar kamfani a tsayar da caji a kashi 80, ko 60 ga mai wutar sola da ba ya rasa wuta. Idan wurin jan yatsa ya fara ɗagowa ko murfin ƙasa ya ƙi rufuwa, batir ya kumbura. A cire shi a ranar, kada a huda, kada a danna, kada a jefa a bola inda ake cinna wuta. Sannan rufe murfi ba kashewa ba ne. Windows na yanzu takan farka a cikin jaka, sai a iso Kalgo daga cikin gari a tarar da jakar kamar an ciro burodi daga tanda. A kashe gaba ɗaya ko a zaɓi Hibernate, kuma kada a bar ta a mota a rana.

Ga mai shirin saye, musamman 'yar gwanjo, sunan girafik kaɗai ba ya faɗin komai. RTX 4060 ɗaya ce a takarda, amma wani kamfani ya ba ta wat 45 a siririn jiki, wani ya ba ta 140 a mai kauri. A Nvidia Control Panel, ƙarƙashin System Information, akwai layin Maximum Graphics Power da ke nuna gaskiyar. A ƙasarmu mai kaurin jiki da ƙofofin iska huɗu ta fi siririya mai kyan gani, kuma Core i5 ko Ryzen 5 da ke numfashi ta fi Core i9 da aka cusa a jikin da ba zai iya fitar da zafinta ba. Kada a biya kuɗi a kan kunnawa da ganin tambarin Windows. A nemi mai shago ya sa caja, a kunna wasa mai nauyi minti 20 da HWiNFO64 a buɗe, a sa hannu a kowace ƙofar iska a tabbatar fankoki biyun suna juyawa, a kasa kunne ko akwai gurnani, a kifa ta a duba kan sukurori ko sun cinye saboda yawan kwancewa. Mai shagon da ya ƙi yarda da gwajin minti 20, a gode masa a wuce shago na gaba. In an saya kuma, a ware kuɗin shara da sabon fes a cikin farashin tun ranar, kafin Maris ya shigo.

Wassalam.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Birnin Kebbi, Jihar Kebbi.